Matar da ta yanke inabinta na fari

Baƙona, ajiye wayar nan haka, hoton tudu ya isa. Zauna ka ji yadda aka yi ya zama kore. Garinmu ka gan shi, duwatsu sun kewaye shi, rafi ya ratsa ta gabas. A da duk wanda ya amsa sunan manomi a fadama yake, yana noman rake da shinkafa, tudu kuwa na awaki ne. To, wani mutum ya rasu ya bar mata da yara ƙanana. Da aka zo raba gandu, 'yan'uwansa suka riƙe fadama, suka nuna wa marayu gangaren nan mai tsakuwa, inda in ka kafta fartanya sai ta yi tartsatsi. Suka ƙara da cewa in ta kasa ci da yaran, za a rarraba su gidajen dangi. Maganar nan ta tsaya mata a rai. Ta tafi wurin wani tsohon mai lambu da ta taɓa yi wa ƙodago, ta roƙo yankan inabi. Da diga ta haƙa ramuka, a ka ta riƙa hawa da taki da ruwa, ta kafa turaku ta ja waya. Mu kuwa, Allah ya yafe mana, muna gindin tsamiya muna dariya.

Shekara ta zagayo, inabi ya saki 'ya'yan fari. Gida ba hatsi, yara har sun fara lasar baki. Sai baiwar Allah ta ɗauki wuƙa ta bi 'ya'yan inabin tun suna ɗanyu, ta yanke tas, tana yi tana hawaye. Tsohon ya riga ya gaya mata, kurangar inabin da ta haihu da wuri ƙarfinta a 'ya'ya yake ƙarewa, saiwa ba ta nutsawa. Gari ya ɗauka matar nan ta zare. Wan mijinta ya hau tudu da dattawa zai kwashi yara. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, ka bar min su zuwa baɗi. In saiwar nan ba ta kai ga ruwa ba, ni da ƙafata zan kawo maka su." Ya tafi yana tsaki. Wasu masu kwaikwayonta da suka dasa nasu a fadama suka cinye 'ya'yan fari suna murna, damina ta zo ta ruɓar da saiwar. Nata kuwa ya bi tsagin dutse ya yi ƙasa, da rani ya yi sai da waya ta lanƙwashe don nauyi, ga zaƙi kamar an ɗiga zuma. Ko yaro ɗaya bai bar ɗakin uwarsa ba. Yau motoci daga birni suke yo layi a hau tudunmu a sha iska, a ga magangarar ruwa, a tsinki inabi da hannu. Lemon inabin da ke hannunka ma jikarta ce ta matse shi. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.