Katin Ƙarshe a Kwando

Kati ɗaya ne ya rage a kwando lokacin da Eilif ya shigo zauren. Kullum haka yake tararwa. Kafin ya rufe shagonsa na gyaran injin jiragen kamun kifi, ya kankare baƙin mai daga farcensa, kowa ya riga ya ja nasa.

A ƙungiyar masu wasan kati na birij ta tsibirin, wasan da ake yi biyu-biyu, ba a zaɓar abokin wasa. Duk yammacin Talata ƙuri'a ake ja: wanda ya ciro jar bakwai sai ya nemi mai ɗaya jar bakwai ɗin. Sunniva, mai kula da ɗakin karatu, ita ke zagayawa da kwandon.

Ya ciro baƙar tara. Sunniva ta zaro nata daga aljihun rigar sanyi, ta duba, ta ce, "To, yau ma mu ne."

Tsoho Torleif ya yi dariya har gahawa ta sarƙe shi. Ya ce tun shigowar sanyi ƙuri'a ke ɗaure yarinyar nan da bawan Allah, ko ɗan kaso ne ai ya ci a yi masa sassauci.

Eilif ya san ba ƙarya ya yi ba. A gida lissafin kati ba ya yi masa gardama, amma da zarar ya zauna yana fuskantar Sunniva, sai kansa ya zama rariya. Da can sunanta ne a saman allon maki, yanzu kuwa yana ƙasa, manne da nasa. Ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba, wannan ne ma ya fi cin ransa.

Shi ya sa a kan hanya ya yanke wa kansa hukunci: in ya sake kayar da ita yau, ya bar ƙungiyar. Ya kuma san in ya bari, ba shi da sauran dalilin zama kusa da ita. Littattafan da yake ara don kawai ya gan ta sun cika masa tebur, ko ɗaya bai kai ƙarshensa ba.

Wasan ƙarshe ya haɗa su da Torleif da Gudrun, dattijuwar da ke gasa musu waina. Torleif ya raba kati, ya duba nasa, ya ce ya wuce, ba zai taya ba. Eilif ya taya zuciya ɗaya, wato da katuna masu hoton zuciya, murya can ciki kamar mai roƙon gafara. Gudrun ta wuce.

"Zuciya huɗu," in ji Sunniva.

Wato ta ɗora masa alkawarin cin zagaye goma cikin goma sha uku. Gudrun ta jefa katin fari, Sunniva ta baje nata a fili kamar yadda doka ta ce, ta naɗe hannu. Daga nan kuma ba ta da baki, komai ya koma wuyan Eilif.

Kafin ya numfasa, Torleif ya kwashe zagaye uku da manyan katunansa, as biyu da sarki ɗaya.

"Saura ɗaya, yaro," ya ce, "ka tafi gida ka wanke injuna."

Eilif ya ci na gaba. Yanzu abu ɗaya ne tsakaninsa da alkawarin: sarauniyar zuciya. Ba ta hannunsa, ba ta cikin na Sunniva. Ko tana hagunsa wajen Gudrun, ko tana damansa wajen Torleif, kuma gefe ɗaya kawai zai iya ɗana wa tarko. Gudrun na goge tabarau kamar ba da ita ake yi ba. Torleif kuwa sai 'yar waƙa yake ta hanci, yana jin daɗin duniyarsa.

Har Eilif ya kai hannu zai ɗana wa tsohon, sai ya ɗaga kai. Sunniva ba kati take kallo ba, shi take kallo, hankali kwance, kamar mai jiran jirgin da ta san zai zo. Kallon da ya saba birkita shi, yau shi ya zaunar da shi.

Sai ya tuna farkon tayi. Torleif ya wuce. Torleif, wanda ko da tarkace a hannu sai ya taya, a ce yana riƙe da as biyu da sarki, ga sarauniya a kai, ya yi shiru? Ko a mafarki. Sarauniyar tana wajen Gudrun ke nan.

Ya buga as ɗinsa na zuciya, ya bi da ƙaramar zuciya. Gudrun ta sa ƙarama.

"Goma, Sunniva," ya ce.

Ta tura goman. Torleif ya daina waƙa, ya jefar da wani kati na banza, don zuciya ta ƙare masa. Zagaye na gaba sarkin zuciya da ke cikin katunan Sunniva ya danne sarauniyar Gudrun, sauran kuma suka zo wa Eilif kamar kifi a koma.

Ba su zo na ɗaya ba, amma sunansu ya baro ƙasan allo. Gudrun ta ƙara masa waina da cuku, ta ce ladan sace mata sarauniya ne. Torleif ya ce ko makaho yakan yi tsintuwa. Sunniva ta yi murmushi kawai, ta ce sai Talata, in ƙuri'a ta yarda.

Ya kai bakin titi kafin ya ji ashe ƙarfin halin bai gama barin jikinsa ba. Wanda ya kama sarauniya ai ba zai kasa cewa zai raka mutum gida ba. Ya juyo, ya hau matakala, ya tura ƙofa a hankali.

Ita kaɗai ce a zauren, ta ba shi baya, tana mayar da katunan ƙuri'a cikin kwando. Yana tsaye yana kallo ta ware jajayen biyar guda biyu, ta zura su a aljihunta, ɗaya nata, ɗaya na mai zuwa ƙarshe, da saurin hannun wadda ta saba yin haka duk Talata tun shigowar sanyi.