Bel Ɗin Keken Umma

Ƙanwata Jummai ba ta barcin rana sai da ƙarar keken ɗinkin Umma. A gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, ko babu ɗinki, Umma takan cire allura ta yi ta taka keken har yarinyar ta yi shiru. Ina ɗan shekara bakwai, abin ya tsaya mini a rai: a ina barcin yake ɓuya cikin ƙarfen nan?

Wata rana bayan azahar, Umma na wanka, na zare bel ɗin fatar da ke juya keken ina dubawa. Ban ji komai ba sai warin man keke. Na ja shi, ya tsinke, na cusa ƙarƙashin katifa.

Jummai ta tsala kuka. Umma ta fito ta taka keken, shiru. Ta dube ni.

"Kai, ka ga bel ɗin nan?"

"Wallahi ban gan shi ba."

Ba ta sake tambaya ba. Ta saɓa Jummai a kafaɗa, tana kwaikwayon ƙarar keken da bakinta har la'asar. Sai da muryarta ta dushe yarinyar ta yi barci.

Har Umma ta rasu ban faɗa mata gaskiya ba. Har yau ina istigfari kan wannan rantsuwa.