Ranar da Baffa Ya Ɗaga Motar Baba

Ko sadakar arba'in ɗin Baba ba a yi ba, ƙaninsa Baffa Sani ya kawo makanike ƙofar gidanmu a Zongo. Suka ɗora kat-kat ɗin Baba, motarsa mai shiga daji, a kan jak, suna ƙara mata lam, wato ƙarafan sifirin na ƙarƙashinta, don ta ƙara tsayi, ta jure hanyar ramukan zinariya. Ina shekara tara. Warin baƙin mai ya cika zaure.

Inna tana takaba, ba ta iya fita. Daga bayan ƙofa ta ce, "Sani, da wa ka yi shawara? Da motar nan zan ciyar da marayun nan."

Bai ko waiwayo ba.

Da la'asar suka sauke ta. Na ruga zan hau kujerar gaba, inda Baba ya saba zaunar da ni, sai ƙafata ta kasa kai matakin. Na sake gwadawa, na zame, gwiwata ta fashe.

Baffa ya dube ni yana goge hannu da tsumma. "Matsa, Hadiza. Ta fi ƙarfinku yanzu."

Ya tayar da ita, ya tafi.

Yanzu ya tsufa, yana zaune a unguwar Kossodo. Duk salla ina zuwa in gaishe shi, amma a tsaye.