Maganin Landan

Hansai ta dafa bango kafin ta iya miƙewa daga kan darduma, gwiwoyinta suka yi ƙara kamar an taka busasshen kara. Saura wata huɗu jirgin alhazai ya tashi, ga kujera ta samu bayan shekara tara tana nema. To matar da daga ɗaki zuwa madafa sai ta huta sau biyu, ina ita ina Safa da Marwa? Tsoro ya kama ta sosai.

'Yarta Rakiya, mai aiki a wani kemis kusa da Babbar Kasuwa, ta kawo mata wata kwalba mai rubutun Turanci.

"Maganin ƙarfin ƙashi ne, Inna. Daga Landan ake kawo shi."

Ai kuwa unguwarsu Badarawa ta shiga uku. Kafin wata biyu Hansai ta fara takawa ba sanda, bakinta kuma ya fi ƙafafun sauri. Duk wadda ta ce mata ciwon gwiwa, sai ta kaɗa kwalbar ta ce, "Ni fa jikina ba ya karɓar na gargajiya." Ita da aka raina da jiƙon saiwa! In kwalbar ta ƙare, Rakiya ta tafi da ita ta dawo da ita cike. Hansai har yaba wa Turawa take yi, wai sun iya tattalin kwalba.

Abu ɗaya ne ya hana ta sakewa, mijinta Malam Ahmadu mahauci. Shekara talatin tana aurensa ba ta taɓa sa ƙafar saniya ko ganda a baki ba, ta ce abin da ya taka kashi ba zai shiga cikinta ba. Ga shi yanzu ya tsiro da kwaso ƙasusuwa da kofatai daga kwata. Ya wuni yana dafa su a bayan gida, ya shanya a kan kwano, ya daka, ya tankaɗe. In ta yi magana ya ce oda ce aka ba shi.

Ranar da mata za su zo mata ban kwana, ƙarni ya cika gidan. Hajiyar gobe guda, a shigo a tarar da gidanta kamar mayanka? Ina! Ta ɗaura zani, ta kifar da tukunyar a lambatu, ta kinkimo buhun garin da ya yi sati uku yana tarawa, ta taka har bola ta zazzage. Da ƙafafunta ta je ta dawo, ko nishi babu, har tana jin daɗin kanta.

Malam Ahmadu ya dawo, ya tsaya kan tukunyar ya daɗe. Sannan ya nemi turmi ya zauna.

Da la'asar Rakiya ta shigo. Hansai ta miƙa mata kwalbar, ƙwaya uku na kaɗawa a ciki.

"Jibi za mu shiga sansanin alhazai. Ki ciko min na kwana arba'in, kada in je in zauna a gaban Ka'aba."

Rakiya ta dubi tukunyar, ta dubi ubanta, sannan ta sunkuyar da kai.

"Inna, na Landan tun kwalbar farko ya yanke a kasuwa. Garin ƙashin Baba nake ɗura miki a ƙwayoyin. Na tafiyarki ne kika kai bola."