Ranar da Baba Ya Ɗora Mini Goge a Cinya

Har yau in na ji ƙanshin ƙaro, tsakar gidanmu na Gazawa nake tunawa.

Na dawo daga lakol, wato makaranta, da la'asar, na tarar da Baba yana goga ƙaro a izgar gogensa. Tsohon soja ne, amma da kiɗa aka fi saninsa. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka ya ce, "Zo nan, Uwata."

Ya ɗora mini gogen a cinya, ya jera yatsuna a kan tsirkiya. Na ja, ya yi kuka kamar akuya. Na sake ja, sai sauti ya fito tas. Baba ya ce, "Kin ji? Ke kaɗai kika gado kunnena."

Sai ga Gwaggo, yayarsa. "Ɗiya mace da goge? So kake a ce 'yar bori ka haifa?"

Mutumin da bai ji tsoron harsashi ba ya sunkuyar da kai. "Yi haƙuri, Yaya." Ya karɓe abinsa, bai ƙara miƙo mini ba.

Yayyena maza duk fatauci suka bi. Da Baba ya rasu, ni aka ba gogen. Yana rataye a ɗakina, ba mai kaɗa shi.