Bakan Gizon da Tsoho Ya Bari

Tunda ka ce so kake ka kammala komai kafin arba'in, zauna in ba ka misalin wani magini. Ni ma da na yi rashi, da shi aka lallashe ni.

Mutumin nan shekara talatin yana bin mahaifinsa wurin gini. Da kwaɓa ƙasa ya fara, ya koma miƙa tubali, har furfura ta fito masa a gemu, amma bakan gizo, lanƙwasasshen ginin nan da ke ɗauke da rufin soro, tsohon bai taɓa sakar masa shi kaɗai ba. Shi wannan aiki ba ya son hanzari. Za a kafa azara daga wannan bango da wancan, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, a bar ta ta bushe har ciki, sannan a ƙara wata a kai, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Tsohon yakan ƙwanƙwasa da yatsa, ya kara kunne, ya ce a ƙara kwana huɗu. Ɗan kuwa a ransa gani yake tsufa ne kawai.

Suna cikin gina zauren gidansu, bakan ya kai rabi, Allah ya yi wa tsohon rasuwa. Ɗan ya ƙudura a ransa cewa a zauren nan za a yi addu'ar arba'in, jama'a su ɗaga kai su ga aikin ubansa na ƙarshe a kammale. Ba don a yabe shi ba. Zama ne ya gagare shi: in ya zauna sai tunani, in hannunsa na cikin ƙasa sai ya ɗan ji sauƙi. Da ya taɓa ya ji bayan ƙasar ya bushe, sai ya ɗora wata azara. Gwaggonsa ta leƙo ta gan shi a sama, ta ce, "Kai, shekara talatin ɗin nan ubanka ka bi, ko inuwarsa?" Ya ci gaba da aikinsa.

Saura kwana shida, bakan ya haɗu. Washegari da hantsi ya shigo, ya tarar da tsaga siririya kamar zare, ƙasa na zubowa kaɗan-kaɗan. Ya san in ya shafe ta da yaɓe ba mai ganewa. Ya kuma san dattawan gari ne za su zauna a ƙarƙashin wurin. Sai ya ɗauko diga ya rushe aikinsa duka, har daidai inda hannun tsohon ya tsaya.

A ƙofar gida aka yi arba'in, kan tabarmi, kango a bayan mutane, wasu na satar kallo. Bayan an watse ya sake farawa. In ya ɗora azara ɗaya sai ya sauko ya jira, kuma a kwanakin jiran ne ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. A hankali kunnensa ya fara raba amon busasshiyar ƙasa da na wadda cikinta ke ɗanye. Aikin da zai ci wata biyu, sai da ya ci huɗu, ya rufe zauren ana gab da ruwan fari.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, sauri ya haifi nawa.