Fiffike a Bayan Motar Malam

Tunda ka ce shawara kake nema kafin ka sa magina su taɓa zauren mahaifinka, ba zan ce maka yi ko bari ba. Na gaji da ba da shawarar da ake ji a zaune a manta a tsaye. Zan dai ba ka misali, ka tafi da shi.

Akwai wani mutum da mahaifinsa ya rasu ya bar tsohuwar Fijo mai launin madara, wadda ya yi aikin duba makarantun ƙauye da ita har ya ajiye aiki. Motar ta daɗe a bayan gida a kan duwatsu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashin sitiyari. Mahaifiyar mutumin kuwa, tsufa ya cinye idonta, ya fara taɓa hankalinta. Magana ɗaya ta rage mata a baki: a kai ta garinsu ta ji muryar ƙanwarta, wadda ita ma ke kwance. Amma duk motar da aka kawo ƙofar gida, ba ta shiga. Sai ta ce Malam, wato marigayi mijinta, ya ce ta jira shi, da motarsa zai zo ya ɗauke ta, ita kuwa ba ta taɓa saɓa masa ba. Da ɗan ya ga lallashi ya ƙi, sai ya sa aka ja motar zuwa gareji. Ba aikin ganin ido ya yi ba, wannan kam a ba shi. Ya bi kasuwannin tsofaffin ƙarafa ya samo fitilu irin nata. Ya sa aka kankare tsatsa har ƙarfe ya fito fari, aka haɗa fenti aka sake haɗawa sai da ya dace da wanda ya rage a cikin ƙofa, inda rana ba ta taɓa kaiwa ba. A kan murfin but, wato wurin zuba kaya na bayan motar, can wajen baki, akwai wata 'yar lotsawa kamar tafin hannu, inda turmin uwar ya faɗo ranar da aka yi wa mijinta canjin wurin aiki suna loda kaya. Mai gyaran jikin mota ya ɗauko guduma zai daidaita wurin, ɗan ya riƙe masa hannu. Ya san tun yana yaro uwarsa ba ta shiga motar sai ta zagaya baya ta sa ƙullin kayanta a but da kanta, ta rufe, ta dafa wannan wuri, ta yi wa mijinta tsiyar ɗaurin kayansa.

Aiki ya kusa ƙarewa ke nan, motar tana tsaye a gareji cikin motocin samari, kowace da wani fiffiken roba a ɗaure a bayanta. A tsakiyarsu sai ta zama kamar tsohuwar da ta je biki ba ɗankunne. Masu wucewa suna yaba fentin, sannan idonsu ya sauka a kan lotsawar, su ce kash, saura kaɗan. Wannan kash ɗin ya yi ta cin mutumin. Sai ya yi wata dabara da ya ga ta raba gardama: ba zai cire lotsawar ba, rufe ta kawai zai yi. Aka huda murfin, aka ɗaure fiffike baƙi mai sheƙi daidai kanta. Kowa a garejin ya ce yanzu mota ta cika.

Ran tafiya ya danna ƙaho a ƙofar gida. Tsohuwar ta ɗaga kai, ta ce a miƙo mata mayafi. Ta fito da ƙafarta, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ƙulli a hammata, tafin hannunta yana bin jikin motar daga ƙofa zuwa baya, tana murmushi. Sai hannun ya ci karo da roba. Ta tsaya. Ta laluba sama, ta laluba ƙasa, ta nemi wurin da take dafawa, yatsunta ba su shiga ba. Ta ce, “Sannu da ƙoƙari, ɗan nan. Amma wannan ba ta Malam ba ce. Ka mayar wa masu ita, kada su yi ta nema.” Ta juya ta koma ɗaki.

A ranar ya kwance fiffiken. Sai ga ramukan kusoshi a kewaye da lotsawar, ƙarfen da ya riga ya yi siriri ya tsage tsakaninsu. Dole aka cike, aka goge, aka sake fenti, murfin ya fito sumul kamar na kowace mota. Ya sa aka buga wata lotsawar da guduma, amma hannun da ya yi shekara da shekaru yana dafa ta gaske ba a ruɗinsa da ta jabu. Tun da tsohuwar ta taɓa ta sau ɗaya, ba ta ƙara fitowa ba ko da an danna ƙaho. Kafin kaka saƙon rasuwar ƙanwarta ya iso, aka rasa mai faɗa mata, don har lokacin tana zaune da mayafinta a cinya tana jira.

Motar tana nan, in ji waɗanda suka sani, tana tashi da bugu ɗaya, ba inda take zuwa. To, ka je ka dubi zauren nan da kyau, ka tambayi waɗanda suka tsufa a cikinsa inda suke dafawa in za su tashi. Hausawa dai sun riga sun faɗa: garin neman gira, aka rasa ido.